Na'urar karanta ganyen auduga: Me za ta tsinana wa manomin Kebbe mai buhun taki ɗaya?

A watan Afrilun 2025 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da kafa hukumar da za ta farfaɗo da noman auduga da masaƙu da ɗinkin tufafi a Najeriya. Ba wannan ne karo na farko da aka yi wa auduga irin wannan alkawari ba, kuma duk lokacin da aka yi shi, maganar “noman zamani” ce ke biyo baya. A 'yan shekarun nan an ƙara wa jerin kayan da ake ambata wani sabon abu, wato na'urar da ke duban ganyen shuka ta faɗi ko tana jin yunwa, domin a zuba wa kowane sashe na gona taki daidai buƙatarsa.

Na'urar gaskiya ce, kuma tana aiki. Manoman auduga a Amurka da Ostireliya sun daɗe suna amfani da ire-irenta. Abin tambaya shi ne ko za ta yi rana a wuri irin Kebbe da Tambuwal da ke kudancin Jihar Sakkwato, inda gonar mutum ba ta cika wuce kadada ɗaya ko biyu ba, kuma buhun yuriya ya haura naira 30,000 tun a daminar 2024.

Amsar ta fi “e” ko “a'a” tsawo, domin akwai hanyar da na'urar za ta amfanar, akwai kuma hanyar da za ta zama wata kwangilar da za ta ƙare a sito.

Yadda take aiki

Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, domin da shi yake haɗa abincinsa. Akwai kuma wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ganyen ke mayarwa kamar madubi. Idan shuka ta ƙoshi, ganyenta ya yi yawa ya yi kore shar, sai ta shanye jan hasken kusan duka, ta mayar da wancan da yawa. Idan ta rame, sai tazarar da ke tsakanin biyun ta ragu. Wannan tazara ce na'urar ke aunawa ta mayar da ita lamba.

Wadda ta fi shahara ita ce GreenSeeker, da masana na Jami'ar Jihar Oklahoma a Amurka suka ƙirƙiro, kamfanin Trimble ya saye ta a 2009. Akwai kuma Crop Circle da N-Sensor ta kamfanin Yara. A manyan gonaki ana ɗaura su a jikin tarakta. Tarakta na tafiya, na'ura na karanta ganye, kwamfuta na buɗe bakin bututun taki ko ta rage shi, duk a lokaci guda.

A 2012 aka fito da ƙaramar GreenSeeker ta hannu, wadda ba ta fi tocila girma sosai ba. Mutum zai riƙe ta sama da shukar da tazarar santimita 60 zuwa 120, ya danna kunama, ya bi kunya yana tafiya, sai ta nuna lamba tsakanin 0.00 da 0.99. Da haskenta take aiki, saboda haka hadari ko hazo ba sa hana ta karatu.

Sai dai lambar ita kaɗai ba ta cewa komai. Dole a sami abin da za a gwada ta da shi. Shi ya sa ake ware 'yan kunyoyi a cikin gonar tun farkon damina a ƙosar da su da taki. Idan lokacin taki na biyu ya yi, sai a auna waɗannan kunyoyi, a auna sauran gonar. In lambobin sun yi kusa, gonar ba ta da yunwa sosai, a rage taki. In sun yi nisa, a ƙara. Da wannan dabara cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT ta taimaki manoman alkama na kwarin Yaki a Meksiko suka rage yuriyar da suke zubawa ba tare da amfanin gonarsu ya ragu ba.

Auduga ba masara ba ce

Akwai dalilin da ya sa masu binciken auduga suka damu da wannan na'ura fiye da na wasu amfanin gona. Asalin auduga itaciya ce mai shekaru, mutum ne ya mayar da ita shukar damina ɗaya. Ba ta san ta tsaya ba. Idan aka cika mata sinadarin naitirojin, wanda shi ne ƙarfin yuriya, sai ta yi ta tsawo da ganye, ta manta da 'ya'ya. Ƙwallayen ƙasa su ruɓe a cikin inuwa, na sama su makara ba su fashe ba har iskar hunturu ta busar da ƙasa, darɓa da farin ƙuda su sami ganye mai taushi su yi gida. Manomi ya ga gona ta yi kyau a ido, ranar tsinka ya sha mamaki.

Idan kuma aka rage mata, sai ta tsumbure, ta zubar da fure, ƙwallayen su fito ƙanana. Masara tana yafe wa wanda ya wuce gona da iri wajen taki, asararsa kuɗin takin ne kawai. Auduga tana hukunta mai ƙari kamar yadda take hukunta mai ragi. Kuma lokacin da ta fi buƙatar abincin gajere ne, daga sa'ad da ta fara ɗaure fure zuwa lokacin da furen ya cika gona.

A Amurka har maganin hana ta tsawo da na kakkaɓe ganye kafin injin tsinka ya shiga ana fesawa ne gwargwadon abin da na'urar ta karanta. Wannan ɓangaren bai shafi Kebbe ba, inda hannu ke tsinka.

Ƙasar da ta san kaɗa

Kudancin Sakkwato ba baƙon auduga ba ne, ko kaɗa kamar yadda Sakkwatawa ke kiranta. Ruwan sama ya fi sauka a nan fiye da arewacin jihar, kuma yankin na manne da Gummi da sauran ƙasar Zamfara, wadda tun zamanin Daular Usmaniyya take ciyar da masu kaɗi da masaƙa. Da Turawa suka zo, ƙungiyar noman auduga ta Ingila da aka kafa a Mancesta a 1902, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna Bisije, ta kawo irin Amurka mai suna Alan, ta kafa injinan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa da Gusau da Mayanci. Kowane babban ƙauye a yankin auduga ya san fuloti, inda ake auna kaɗa a tantance darajarta a biya manomi.

Tsarin yana da nasa zaluncin, domin farashin da ake biya ya sha gaza na kasuwar duniya nesa. Amma manomi ya san inda zai sami iri, ya san ranar buɗe fuloti, ya san farashi. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, ba a kuma kafa wani abu a gurbinta ba. Iri ya gauraye a injinan gurza, auna daraja ta mutu, wasu suka koma zuba yashi da ruwa a cikin buhu don ya yi nauyi. Sannan masaƙun Kaduna da Kano da Gusau suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu, UNTL ta Kaduna, ta tsaya a 2007.

Manomin da ya rasa mai saye ba ya jiran taron bita. A Kebbe da Tambuwal an karkata ga gero da dawa da wake da gyaɗa a tudu, shinkafa da kayan lambu a fadamun Gulbin Zamfara. Saboda haka duk maganar na'ura a gonar auduga a wannan yanki magana ce a kan amfanin gonar da sai an fara shawo kan mutane su koma masa.

An gwada shawo kansu. A 2018 aka amince da irin auduga biyu na kamfanin Mahyco masu kashe tsutsar ƙwallo da kansu, bayan gwaji tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, aka ce za su iya ba da sama da tan 4 a kadada, alhali irin gida na ba da kilo 600 zuwa 900. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, ya ƙaddamar da rabon irin auduga a Katsina ƙarƙashin shirin ba manoma rance. A Oktoban 2023 bankin ya janye jerin kayan da ya hana wa dala, shirin rancen kuma ya tsaya da ɗimbin bashin da ba a biya ba. Manomin da ya shiga ya fita a cikin shekara biyar ya koyi darasi a kan alkawarin Abuja.

Lissafin mai buhu ɗaya

An ƙera na'urar ne don magance ɓarna. Wani bincike da masanan Oklahoma suka wallafa a 1999 ya nuna cewa kashi 33 cikin 100 kacal na naitirojin da ake zuba wa hatsi a duniya ke komawa cikin amfanin gona. Sauran ruwa ya wanke, ko iska ta kwashe. Ga mai zuba taki da yawa, rage ɓarnar kuɗi ne tsababa.

A ɗauki manomi mai kadada 500 da ke zuba kilo 100 na naitirojin a kowace kadada. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin. Idan na'ura ta rage masa kashi ɗaya cikin goma, ya tsira da buhu sama da 200 a damina ɗaya. Ta biya kuɗinta har da riba.

A dawo Kebbe, ga mai kadada ɗaya da buhu ɗaya. Kashi ɗaya cikin goma na takinsa kilo 5 ne, kwano biyu ke nan. Kuma ba ragi yake buƙata ba. Buhun nasa bai kai abin da gonar ke nema ba tun farko. Duk inda aka haska na'urar, abin da za ta ce shi ne a ƙaro taki, wanda ya riga ya sani. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2006 suka yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kadada kafin 2015. Sun sake taruwa a Nairobi a 2024 ba a kai ko rabin hanya ba a yawancin ƙasashen.

A nan mutane da yawa ke rufe maganar su ce na'urar ba ta talaka ba ce. Sun yi gaggawa. Mai buhu ɗaya ya fi mai buhu ɗari buƙatar sanin inda zai zuba shi, domin kuskurensa ba shi da gyara. Tambayarsa ce ta bambanta. Attajirin manomi yana tambayar nawa zai rage. Na Kebbe yana tambayar wane sashe na gonar zai ba wannan ɗan abin da ke hannunsa, wanne zai hana.

Gonakin yankin kuwa ba bai ɗaya suke ba, ko da ƙanana ne. A cikin kadada guda ana samun jigawa mai yashi da ruwa ke wanke wa taki cikin kwana kaɗan, da gefen kwari mai laka, da gindin gawo inda ganye da kashin dabbobi suka taru shekara da shekaru, da tsohon mashekari da Fulani suka kwana da shanu, da shuri, da fako da ko ciyawa ba ta so. Watsa taki daidai wa daida a kan waɗannan duka shi ne ainihin ɓarnar ƙaramin manomi. Gindin gawo zai sami abin da ba ya buƙata, audugar wurin ta yi ganye. Fako zai cinye rabonsa bai ba da komai ba.

Wani abin da masu tallar na'urar ba su cika faɗa ba shi ne, wurin da ya fi ramewa ba lallai ne ya fi cancantar taki ba. Ƙa'idar lissafin da aka gina a Oklahoma tana fara ƙiyasta abin da kowane sashe zai iya bayarwa ne. Inda shuka ta yi rauni ƙwarai saboda ƙasar ta mutu ko tsiron bai fito ba, rage masa ake yi. Riba tana tsakiya, a wurin da tsiro ya cika, saiwa ta kama, amma ganye ya fara ɗashewa. Tausayi kan sa manomi ya kai takinsa inda shuka ta fi ba shi tausayi, kuma sau da yawa nan ne kuɗinsa ke nutsewa.

Ƙaramin manomi yana da wata dama da babba ba shi da ita. Baturen Amurka sai ya kashe dubban daloli kafin injinsa ya iya bambanta rabon wannan kunya da waccan. Mai zuba taki da hannu, gindi bayan gindi, ya riga ya mallaki wannan damar kyauta. Abin da ya rage masa shi ne ma'auni da shawara. A Jamhuriyar Nijar, cibiyar ICRISAT da ke Sadore ta daɗe da nuna cewa 'yan giram na taki a murfin kwalba, a binne a gindin gero, suna ƙara amfani ƙwarai a ƙasa mai yashi. Haɗa murfin kwalba da na'urar hannu ba abu ne mai wuya ba: nan murfi biyu, can ɗaya, gindin gawo a wuce.

Abin da na'urar ba ta gani

Na'urar ba ta auna naitirojin. Kore take aunawa, da yawan ganye. Duk abin da ya sa ganye ya ɗashe, a wurinta yunwa ce.

Ƙasar tudu a arewa maso yamma tana da ƙarancin fosfaras, kuma rashin sinadarin farar wuta ma yana sa ganye ya yi rawaya. Masu binciken Samaru sun daɗe da gano cewa audugar arewa kan rasa sinadarin boron a wasu wurare. Ruwa in ya kwanta a gindin shuka a watan Agusta, ganye na ɗashewa. A duk waɗannan, ƙara yuriya zubar da kuɗi ne. Ciyawa kuma kore ce, saboda haka gonar da ba a yi wa maimai ba za ta nuna lamba mai kyau alhali audugar na shan wuya. Haka gonar da aka haɗa auduga da wake ko dawa, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, karatunta zai rikice.

Sai ƙwari. A daminar 2022 wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye da ya fito daga Asiya ya afka wa audugar Mali da Kodibuwa da Senegal da maƙwabtansu, ganye ya yi rawaya ya koma ja ya naɗe, aka yi asara mai yawa. Na'ura za ta ga wannan gona ta ce a kawo taki. Mutumin da zai juya ganyen ya duba bayansa ne kaɗai zai gane.

Ma'ana, na'urar ba ta maye gurbin malamin gona. Ƙara masa ido take yi. A jihohin arewa kuwa malamin gona ɗaya na fuskantar dubban manoma, da yawansu sun kusa ritaya, babur da man zagaye ma sai an yi da gaske.

Akwai kuma aikin da ba a ganinsa a hoton ƙaddamarwa. Lissafin da ke mayar da lambar na'ura zuwa adadin taki an gina shi ne a kan irin audugar Amurka, da ƙasarta, da yanayinta. Kafin lamba 0.55 ta zama “murfi biyu” a gonar Kuchi ko Dogon Daji, sai an yi gwaji na damina da dama a kan irin Samkot na Samaru da sabon irin Mahyco, a jigawa da laka, a shekarar ruwa da ta fari. Aiki ne na Cibiyar Samaru da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar. Ba shi da tsada idan aka gwada da sayen taraktoci, amma ba ya ƙarewa kafin zaɓe, kuma ba a yanka masa kirtani.

Wasu za su ce a bar na'urar hannu a koma sama. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna ɗaukar hoton kowane wuri duk kwana biyar, kyauta, kuma ana fitar da wannan lamba daga hotunan. Matsalar ita ce kowane ɗigo a hoton faɗin mita goma ne tsawon mita goma, saboda haka rabin kadada ɗigo 50 ne kacal, wasunsu itatuwa ne, wasu gonar maƙwabci. Kuma audugar da aka shuka a ƙarshen Yuni tana neman takinta na biyu ne a Agusta, watan da hadari ke rufe sama. Jirgi maras matuƙi ya fi gani da kyau, amma tashinsa na buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a yankin da ake fama da 'yan bindiga ba kowa ne zai ga abu na shawagi a kan gona ya ɗauka na malamin gona ne ba.

Kuɗi, lokaci da tsaro

Na'urar hannu ta fito kasuwa a kan kimanin dala 500. A canjin naira 1,500 kuɗin ya kai naira 750,000, fiye da buhu 20 na yuriya. Babu ƙaramin manomin da zai saya, kuma bai kamata ya saya ba. Amma idan matashi ɗaya da aka horar ya zagaya gona goma a rana na kwana ashirin, ya auna wa manoma 200. Rabon kowa a kuɗin na'urar naira 3,750 ne, in ta yi damina uku ya sauko zuwa 1,250, ban da ladan mai aunawa da man babur. Wannan lissafi yana iya tsayawa da ƙafarsa.

Irin wannan tsari ba sabo ba ne a arewa. A Kano an yi amfani da manhajar RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice, inda matasa ke bin manoman shinkafa da waya suna ba kowa shawarar taki daidai gonarsa. Kamfanin OCP na Maroko ya zagaya ƙauyuka da motar gwajin ƙasa. Abin da ya sha kashe irin waɗannan shirye-shirye shi ne ranar da kuɗin masu tallafi ya ƙare.

Wa zai biya, ke nan? Wanda ya fi kowa cin ribar ƙarin auduga shi ne mai injin gurza. A Jamhuriyar Benin, wadda ta yi shekaru tana haura tan 700,000 a kaka, da Mali da Burkina Faso, kamfanonin auduga ne ke ba da iri da taki da magani bashi, su tura malamansu, a sanar da farashi kafin shuka, a cire bashin ranar awo. A cikin irin wannan tsari na'ura ƙaramin ƙari ce a jakar malamin da dama yana zuwa gonar. A Najeriya mai gurza na tsoron ya ba da taki, ranar kaka dillali ya zo da tsabar kuɗi ya kwashe audugar. Manomi kuma na tsoron ya noma, mai saye ɗaya tilo ya karya farashi. Kowannensu yana da hujja daga abin da ya taɓa faruwa da shi.

Ko an warware wannan, shawara ba ta da amfani in babu takin a ranar da aka ba da ita. An saba takin gwamnati ya iso bayan an ƙaddamar da rabonsa a babban birni, ya bi ta ƙaramar hukuma da mazaɓa, ya isa ƙauye shuka ta wuce lokacin. Najeriya na da masana'antar Dangote da aka buɗe a 2022 mai iya fitar da tan miliyan uku na yuriya a shekara, ga ta Indorama a Fatakwal, amma farashinta na bin dala da kasuwar duniya, ga kuɗin mota daga bakin teku zuwa Sakkwato da ya ninka tun cire tallafin mai a 2023. Ingancin abin da ke cikin buhun ma magana ce. An sa hannu a dokar kula da ingancin taki a 2019, amma mai saye a kwano a kasuwar ƙauye ba shi da hanyar sanin ko kamfar da aka auna masa an cakuɗa ta da yashi. Na'ura za ta iya cewa a zuba kilo kaza, amma ba za ta san abin da aka zuba ba.

Akwai kuma tsohuwar matsalar da masu binciken Samaru suka rubuta tun shekarun 1970: manomi yana fara shuka abincinsa ne, ya yi masa noman firi, sannan ya waiwayi auduga. Audugar da aka makara shukawa ba ta biyan kuɗin taki yadda ya kamata, komai ƙwarewar mai aunawa. Wannan ba jahilci ba ne. Mai iyali ba zai bar gero ya bi abin da ba a tuƙa tuwo da shi ba.

Sama da duka akwai tsaro. Kebbe na iyaka da Zamfara da Jihar Kebbi, kuma ƙauyukanta sun sha hare-haren 'yan bindiga da satar mutane da shanu. Gonakin nesa da gari, waɗanda su ne masu faɗin da auduga ke so, su aka fi bari. Auduga tana zama a gona wata biyar zuwa shida, tana son feshi a kai a kai, ana tsinkarta sau biyu ko uku, duk wannan zirga-zirga ce a daji. Satar shanu ta rage takin gargajiya, kuma lalacewar zaman manomi da makiyayi ta rage kwanan garke a gona da rani, wanda shi ne ke riƙe ƙasar jigawa har takin zamani ya kama. A 2021 an taɓa rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda tsaro, abin da ya kamata duk mai shirin dogara da manhaja ya tuna.

Yankin ba maraya ba ne a siyasa. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ce ta tura Aminu Waziri Tambuwal Majalisar Wakilai daga 2003, ya zama kakakinta a 2011, ya yi gwamna shekara takwas, ya tafi Majalisar Dattawa a 2023. Wakilan yankin na da bakin da za su tambayi sabuwar hukumar auduga abin da ta tanadar wa kudancin Sakkwato, da kuma yadda za ta jera abubuwan: farashin da za a sanar kafin shuka, iri mai tsabta a watan Mayu, taki a shagon ƙauye kafin Agusta, sannan kuɗin gwaji ga Samaru da jami'ar Sakkwato.

Ɓangaren dabarar da ya fi amfani kuwa ba ya jiran hukuma. Manomin da zai shuka auduga a damina mai zuwa zai iya ware kunya uku a tsakiyar gonarsa ya ƙosar da su da taki tun farko, ya bar uku a gefensu ba taki ko kaɗan. Bayan mako shida ya tsaya da hantsi ya dubi launinsu tare da na sauran gonar. Ranar tsinka kuma ya zuba audugar kowane rukuni a buhu daban ya auna.